Amsa ga matashin da ke son komawa Kwatano da zama

Ɗana, assalamu alaikum.

Ran nan a shirin rediyo ka bugo waya daga unguwar Birni, ka tambaye ni ko ya dace ɗan Damagaram ya kwashi iyali ya koma Kwatano da zama, tunda an ce garin ya bunƙasa. Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba. Ga ta nan, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tunani ba.

Kwatano ba tsohon birni ba ne irin namu. Ƙauyen masunta ne, sai a zamanin Sarki Gezo na Dahome, wajen 1830, ya zama mashigar jiragen fatauci. A 1868 Faransawa suka karɓe shi ta yarjejeniya da Sarki Glele, daga baya magajinsa Behanzin ya yi yaƙi a kan haka bai yi nasara ba. Ko a lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce dubu 70 ba. Abin da ya tashe shi tashar jiragen ruwa ce da aka buɗe a 1965. Ƙidayar 2013 ta sami mutum sama da dubu 670 a cikinsa, ban da Abomey-Calavi da ke manne da shi, wadda ita ma ta kusa kai haka. A takarda Porto-Novo ce babban birnin ƙasar Benin, amma fadar shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatu suna Kwatano.

To ka lura da wannan, shi ne gishirin maganar: arzikin garin na kan iyaka ne. Kaso mai yawa na kayan da ake saukewa a tashar ba na Benin ba ne, na Nijar ne da Najeriya. Shi ya sa aka daɗe ana ɗauko kayanmu a jirgin ƙasa zuwa Parakou, sannan manyan motoci su kawo su Malanville su ƙetara gada zuwa Gaya. Da Najeriya ta hana shigo da motoci ta ƙasa a 2017, dillalan mota sun ji a jikinsu. Da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Yulin 2023, direbobi da masu fitar da kaya suka yi zaman dirshan, kaya suka koma bi ta Lome. In sana'arka ta rataya a kan gadar nan kaɗai, ina ganin ganganci ne ka tayar da gida.

Sai ruwa. Mu nan muna bin garuwa da jarka, su can neman inda za su kai ruwa suke yi. Garin yana kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokoué, damina biyu suke yi a shekara, ambaliyar 2010 kuwa har yau ana tuna ta. A gabashin tashar, wajen Akpakpa, teku ya cinye gidaje kafin a jera duwatsun tare shi. Kada ka kama haya da rani. Ka je ka ga gidan a watan Yuni, ka dubi tabon ruwa a jikin bango.

Sauƙin da za ka samu shi ne kuɗinmu ɗaya, saifa, kuma a unguwar Zongo za ka ji Hausa, ga masallaci ga masu masauki. A kasuwa Faransanci zai fisshe ka, amma jin yaren Fon ko kaɗan ne yana rage farashi. Ƴan kabu-kabunsu, zemijan, rigar ɗorawa suke sawa. Kuma kada ka yi tunanin kafa tebur a bakin titi yadda ka ga dama. Tun 2017 hukuma ta rushe rumfunan da ke kan hanya.

Shawarata, ka tafi kai kaɗai tukuna, da katin shaidarka da jarin da ba na bashi ba, ka yi damina guda. Iyali su jira a Birni har ka sami ɗakin da ruwa ba ya shiga da cinikin da ba ya jiran buɗe gada.

Ka gaida mahaifanka.

Babanka a Zango, Damagaram