Maraya ya bar gidan baffansa: shin gadonsa ya faɗi?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Fagge, kuma ina rubuto maka ne saboda wani yaro da ke koyon ɗinki a hannuna. Shekararsa 16. Mahaifinsa ya rasu yana aji huɗu na firamare, ya bar gida mai ɗaki biyar da shago guda a bakin titi. Aka raba gado, rabon yaron da na ƙanwarsa ya zauna a hannun baffansu. Wata uku da suka wuce suka samu saɓani, yaron ya kwaso kayansa a buhun shinkafa ya zo shagona. Yanzu a bayan keken ɗinki yake shimfiɗa tabarma. Da ya koma neman kuɗin jarrabawa daga hayar shagon babansa, amsar da ya samu ita ce: tunda ka fita da ƙafarka, ba ka da komai a nan.

Wannan magana ta hana ni barci. Na kai ta wajen malaminmu na zaure, na kuma tambayi wani lauya da nake wa ɗinki, kuma abin da na ji ya kamata jama'a su ji.

Yaro yana mallakar dukiya tun yana cikin zanen goyo. Abin da shari'a ta hana shi kawai shi ne ya sayar ko ya kyautar da ita da kansa kafin ya balaga kuma hankalinsa ya nuna. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a riƙa jarraba marayu, idan sun kai munzalin aure aka ga sun iya riƙon dukiya a miƙa musu abinsu, a kuma kafa shaidu ranar miƙawa. Mai riƙo ɗan amana ne, kuma daga cikin dukiyar ake ciyar da maraya, a tufatar da shi, a biya masa makaranta. Inda yaron ya kwana ba ya canza wannan ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni mamaki, malam ya ce a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, zama baffa kaɗai ba ya ba mutum ikon juya dukiyar maraya. Uba ne ke da wannan iko, sai wasiyyin da ya naɗa kafin ya rasu, sai alƙali ko wanda alƙali ya ɗora. Mu kuwa ranar sadakar uku ake cewa wane ne babba, a miƙa masa takardu, babu rubutu babu shaida, shi ke nan. Sai bayan shekara goma a fara rantse-rantse.

Lauyan ya ƙara min da ɓangaren dokar ƙasa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Dokar filaye ta 1978 kuma, a sashe na 7, ta hana gwamna ba wanda bai kai 21 ba takardar mallakar fili da sunansa kai tsaye, sai ta hannun mai kula da shi da aka naɗa bisa ƙa'ida. Amma sashen da kansa ya yarda cewa fili na iya faɗo wa yaro ta hanyar gado. Wato ko a nan, mai riƙo a madadin yaron yake riƙewa.

Yaron ya nuna min a wayarsa cewa a jihar Kalifoniya ta Amurka ɗan shekara 14 na iya zuwa kotu ya nemi a ba shi cin gashin kansa. Na ce masa ya ajiye wannan. Ba na son ya yanke zumunci, kuma ban ji daɗin yadda ya fito ba. Na faɗa masa a gaban sauran yaran shago. Ɗan shekara 16 wurinsa gida ne, gaban manya. Amma laifin fita daban, haƙƙin gado daban, kuma bai halatta a hukunta shi da dukiyar ubansa ba.

Roƙona, Malam Edita, ku ware fili ku gayyato alƙalin kotun shari'a da lauya su yi wa mutane bayani dalla-dalla: yadda uwa ko dangi za su nemi kotu ta naɗa mai riƙo, yadda ake rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, da ƙofar da maraya zai ƙwanƙwasa idan aka hana shi. Iyaye maza kuma a tuna musu su naɗa wasiyyi a rubuce tun suna da rai.

Mu dai ranar Asabar za mu je wajen mai unguwa tare da mahaifiyar yaron. Idan baffan ya ƙi fito da lissafin hayar shekarun nan, sai kotu.

Naka,
Wani tela daga Fagge, Kano