Wasiƙa zuwa ga aminina: ƙofar mota ce ta kayar da ni

Assalamu alaikum aminina,

Ya kake, ya iyali, ya aiki da zaman nesa? Allah yasa komai lafiya. Naga saƙonninka sun taru ban amsa ba, harda wanda kake tambaya ko fushi nake da kai, wallahi ba fushi ko ɗaya, hannuna na dama ne a ɗaure, yanzu ma da hagu nake lallaɓa rubutun nan. Tsautsayi ne ya same ni a kan ɗan mashin ɗina. Kar hankalinka ya tashi don Allah, abin ya zo da sauƙi Alhamdulillah, da ƙafata na tashi daga wurin. Amma tunda kace kaima irinsa kake shirin saya don zuwa aiki, naga ya zama dole in zauna in baka labarin yadda akai tiryan-tiryan, ba wai don in hana ka ba.

Da yamma ne ina dawowa daga aiki, titin ba wani cunkoso, motoci dai a jere an faka su a gefe, ni kuma ina bin gefen nan kamar yadda duk mai ƙaramin mashin yake yi saboda manyan motoci su samu wucewa. Kasan abin nawa injinsa ƙarami ne, 50cc, ko ka murɗe totur har ƙarshe da ƙyar yake wuce kilomita 45 a awa, ranar kuwa gudun nawa bai fi 30 ba. Kawai sai ƙofar wata mota ta buɗe a gabana. Har yanzu in na rufe ido ina ganin cikin ƙofar nan, da hannun mutumin riƙe da mariƙinta, da agogon da ke hannunsa, fuskarsa ma ba ta waje take kallo ba, yana magana ne da na kusa da shi. Na damƙe birki na karkata, amma bakin ƙofar ya riga ya kama kan mashin ta gefe, madubi ya tarwatse, kan ya murɗe a hannuna, sai gani na nayi ina tafiya ƙasa na tare da tafin hannu, kafaɗa ta biyo, sannan kai ya bugu da kwalta.

Daga baya na zauna na lissafa abin. Wanda ke tafiyar kilomita 30 a awa yana cin mita 8 da ɗoriya ne a kowace daƙiƙa, kuma kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, yatsu su kai ga birki, kusan daƙiƙa guda ta tafi. Kaga kenan in ƙofa ta buɗe tsawon mota biyu a gabanka, ka kusa isa wurin kafin birkin ma ya fara aiki. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda na faɗi, tsakiyar hanya ne fa, don ƙofa in ta buge ka cikin titi take wurga ka. Allah ne Ya sa a wannan lokacin babu mota a bayana.

Ina faɗuwa na miƙe zumbur ina cewa ba komai ba komai, kuma da gaske nake, ban ji ciwon komai ba a lokacin. Wani bawan Allah ya ja mashin ɗin gefe ya kashe makulli don mai ya fara ɗiga ana jin warinsa. Mai motar dattijo ne, ya fito jikinsa na rawa fiye da nawa, sai cewa yake yarona ka yafe min, wallahi ban duba ba. Nace Baba ba komai, tsautsayi ne, bari in tafi gida. Shi ne fa ya kafe yace sam sai mun je asibiti, kuma har gobe ina gode masa da wannan kafewar, don muna cikin mota ciwon ya fara tasowa, wuyan hannu ya fara zugi, gwiwa da gefen hannu da suka gurje suka ɗau zafi kamar an goga min samfefa. Likita yace haka jiki yake, a lokacin firgici yana sakin wani sinadari, adiranalin, da ke danne ciwo, sai ya lafa mutum ya san abin da ya same shi. Shi yasa bai kamata a yarda da "ba komai" ɗin wanda ya faɗi yanzun nan ba.

Wankin gurjewar nan ya fi faɗuwar kanta ciwo, gaskiya. Nas ɗin ta daɗe tana zuba ruwa tana tsince ƙananan tsakuwa da baƙin kwalta ɗaya bayan ɗaya, tace in aka bar su a ciki wurin zai iya ruwa, ko fata ta rufe a kansu tabon ya zauna baƙi. Ta tambaye ni yaushe rabona da allurar tetanus, tace ciwo mai datti irin wannan in an haura shekara 5 da yin ta sai an sake, aka yi min.

Sai maganar hannu, nan ne nake so ka saurara da kyau. Likitan ya kama babban yatsana ya ɗaga, ya danna ɗan ramin nan da ke gindinsa ta wajen wuyan hannu, sai da na yi ƙara. Aka yi hoton ƙashi, hoto ya fito ba a ga komai ba, ni har na fara murna nace targaɗe ne. Yace a'a kar in yi saurin murna, akwai wani ɗan ƙashi a wurin, sikafoyid suke ce masa, shi ne wanda ya fi tsagewa a cikin ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu in mutum ya faɗi ya tare da tafi, kuma sau da yawa tsagewar ba ta fitowa a hoton farko, sai bayan kwana 10 zuwa 14 in an sake. Matsalarsa jini baya isarsa sosai, in aka yi sakaci aka ci gaba da aiki da hannun zai iya ƙin haɗewa, ciwon ya bi mutum shekaru. Don haka ya ɗaure hannun kamar an tabbatar da karaya, yace in dawo a sake hoto. Ina nan ina jira. Mutane nawa ne suke faɗuwa irin wannan su murza hannu su ci gaba da harkarsu? Abin yana damuna wallahi.

Hular kwano kuwa, kai dai bari. Ta waje gurjewa ce kawai a gefe, amma da na ɗaga yadin ciki na duba, farin soson nan mai tauri ya lotsa daidai saitin kunnena har ya tsage. Wannan lotsawar ita ce aikinsa, shi yake shanye bugun, kuma sau ɗaya yake yi, baya dawowa, shi yasa hular da ta taɓa buguwa sai dai a canza ta ko da tana nan da kyanta. Kuma da ban ɗaure igiyar haɓa ba da tun kafin in kai ƙasa ta fice. Akwai binciken da masana suka haɗa a 2008 da ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Duk da haka likita yace a sa min ido kwana ɗaya zuwa biyu, in aka ga amai ko yawan barci ko ciwon kai da ke ƙaruwa ko na fara magana ba kan gado a dawo da ni da gaggawa. Ba ko ɗaya da ya faru, mun gode Allah.

Mashin yana wajen bakanike, hannun birki ya karye, madubi ya tafi, ƙafar gaba ta ɗan lanƙwashe. Baba ya ɗau nauyin gyaran, yana kuma kira yana tambayar jiki.

Ban riƙe shi a zuciya ba, amma ɗabi'ar ce take ƙona min rai, buɗe ƙofa ba dubawa, da kuma yadda masu mota ke danna maka hon har sai sun matse ka jikin motocin da ke fake, suna ganin ƙaramin mashin kamar bashi da haƙƙi a titi. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 tace mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya a shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato mu da ba ƙarfen da ya kewaye mu. Maganin wannan na ƙofa kuwa ba wuya gare shi ba. An san mutanen Holan da wata dabara, ka buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, dole jikinka ya juya idonka ya kalli baya, har Birtaniya ta sa ta a littafin dokokin hanyarta a 2022. Tunda kana tuƙa mota wani lokacin, don Allah ka fara yi, ka koya wa yara ma tunda su ne masu fitowa a guje.

In ka sayi mashin ɗin, ka bar tazarar kamar mita guda tsakaninka da motocin da ke fake, faɗin ƙofa kenan, duk mai hon ya yi ta yi. Ka dinga leƙen gilashin bayan motocin da ke fake, in kaga kan mutum a ciki ko kaga mota yanzu ta tsaya, ka ɗauka ƙofa na shirin buɗewa. Ka sayi safar hannu mai kauri tare da hular, don hannu shi ke fara isa ƙasa. Tayoyin nan ƙanana ne, rami ko yashi kaɗan ya ishe su, kuma a kwana kar ka damƙe birkin gaba da ƙarfi.

Ba zan ɓoye maka ba, yanzu ko a ƙasa nake tafiya naji ƙarar buɗe ƙofar mota sai gabana ya faɗi. Amma zan koma hawa in hannu ya warke in sha Allah, ina son abina kuma shi ke rufa min asiri wajen zirga-zirga. Kafin ka biya kuɗi ka turo min hoton wanda ka gani da lambar injinsa in nuna wa bakanikena ya faɗa mana ko kayan gyaransa na samuwa. Da zarar an sake hoton hannun zan kira ka. Ka gaida min madam da yara sosai, ka sa ni a addu'a.

Naka har kullum,
Amininka