Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Zaure da Haɗa Kwamfutar Gida, Nima

Assalamu alaikum Baba Alhaji, Hajiya Babba, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne na nan Accra, da na Kumasi, da waɗanda ke ƙasashen waje.

A zaman iyali na bayan Ƙaramar Sallah aka ɗora wa mutum biyar wannan aiki: a gyara ɗakin da ke jikin zaure, wanda tun rasuwar Kaka ya koma ma'ajiyar tsofaffin tukwane da katifu, a sa kwamfuta a ciki saboda yaran gida. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Yaranmu na ƙaramar sakandare (JHS) suna da darasin kwamfuta, har a jarrabawar kammala ta, wato BECE, suna rubuta shi, amma akwai waɗanda ba su taɓa riƙe linzami ba sai dai su gani a hoton littafi. Duba sakamako da sanin makarantar da aka tura yaro kuma duk a intanet ake yi, sai an fita waje an biya. Alhamdulillahi aiki ya kammala. Ni magatakarda aka sa in rubuta yadda ta kasance, har da inda muka yi tuntuɓe.

Mun ɗauka ɗakin fenti kawai yake so. Da kafinta ya hau sama ya ɗaga silin, sai ga hasken rana yana leƙowa ta wurare da dama. Iskar teku ta Accra ba ta raga wa kwano, tsatsa ta gama da shi, gara kuma ta cinye biyu daga cikin katakon rufi. Dole aka sauya rufin ɗakin baki ɗaya. Sannan ƙasan ɗakin ya fi tsakar gida zurfi. Babu wanda ya manta daren 3 ga Yunin 2015, daren da ruwa da gobara suka haɗu a Circle, cikin Accra, aka rasa rayuka masu yawa. A daren nan ɗakin nan ne ruwa ya fara shiga a gidanmu. Saboda haka magini ya ciko ƙasa tsayin bulo ɗaya, ya yi dokin ƙofa, aka shimfiɗa tayil. Taga ta samu raga da ƙarfe, ƙofa ta koma ta ƙarfe. Wannan ɓangaren bai ba mu wahala ba sai ta wajen kuɗi.

Wuta ce ta fi cin lokacinmu, ita ce kuma muka fi jayayya a kanta. Wayar da ke ɗakin biyu ce kacal, babu ta ƙasa, kuma an yi mata ƙari a wuri uku an naɗe da leda. Layi ɗaya take da firjin da Inna ke daskarar da sobolo da kuma dutsen guga. Kawu ya ce tunda ƙwan fitila yana kamawa a bar ta haka. Mai gyaran wutar da muka kira, wanda muka tabbatar yana da lasisin Hukumar Makamashi kamar yadda dokar wayarin ta 2011 ta tanada, ya ce ƙwai daban, kwamfuta daban. Akwatin kwamfuta ƙarfe ne. Idan babu wayar ƙasa, ɗan abin da ya zubo na wuta a jikinsa yake tsayawa, yaro ya taɓa da ƙafa a tayil ya ji ta ja shi. Ya jawo sabon layi daga allon mita da bireka tasa ta kansa, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ya kafa sandar tagulla a bayan ɗaki, ya sa soket uku masu baki uku irin na Ingila. Kawu bai gamsu ba sai da ya ga ledar nan ta narke a hannun mai gyara.

Kafin a gama wannan ne muka yi asarar farko. Yayanmu da ke Bronx, Allah ya saka masa, ya aiko da tsohuwar kwamfutar ofis cikin ganga. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 230. A bayan irin waɗannan tsofaffin akwai wani ɗan jan maɓalli mai rubutun 115 da 230, kuma a kan 115 ta iso. Ɗaya daga cikin samarin gida, ba zan faɗi suna ba tunda ya riga ya sha faɗa, ɗoki ya hana shi jira. Ƙara ɗaya muka ji, sai ƙauri. Yaya, ka yi haƙuri. Allon kallo da kibod sun tsira, su muke amfani da su, faifan ajiyarta ma mun ciro shi lafiya.

Daga nan kwamiti ya rabu biyu. Wasunmu sun so a sayi sassa a haɗa sabuwa, Ma'aji kuma ya so a sayi tsohuwa ta hannu, irin waɗanda ake saukewa a tashar Tema, ga su nan jibge a Tip Toe Lane kuma da sauƙin kuɗi. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Abin da ya rinjaye mu biyu ne. Na farko, Microsoft ya daina kula da Windows 10 daga 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 tana neman firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ta Intel ce ta zubi na 8 zuwa sama, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, alhali yawancin waɗanda muka gani da arha zubi na 6 ne ko na 7. Na biyu, ƙananan kwamfutocin ofis sau da yawa akwatin da ke raba musu wuta da uwar allonsu, wato babban allon ciki da sauran sassa ke hawa kansa, ƙirar kamfaninsu ce kawai, in ɗaya ya mutu sai ka yi ta yawo neman irinsa. Wadda aka haɗa da hannu kuwa, abin da ya lalace shi kaɗai za a cire. Ƙuri'a uku da biyu aka tashi.

Samari sun kawo nasu jerin: katin hoto na wasanni, akwati mai gilashi, fanka masu fitilu kala-kala. Mun yi musu godiya mun ajiye takardar. Mitar gidanmu ta kati ce, kowa ya san yadda take shan kuɗi, kuma babban katin hoto shi kaɗai yana iya jan wuta fiye da sauran kayan duka. Muka ɗauki firosesa Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD. Cibiya shida gare ta, tana ɗauke da nata sashen hoto a ciki, an ƙiyasta zafinta a wat 65, kuma da fankarta take zuwa a kwali. Mazauninta, AM4, tun 2016 yake kasuwa, don haka kayansa ba sa wuyar samu a Circle ko a Adum.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mun sayi sanda biyu masu gigabait 8 maimakon ɗaya mai 16. Goggo ta tambaya mene ne bambanci tunda lissafi ɗaya ne. Na ce mata kamar kanti ne mai ƙofa biyu da mai ƙofa ɗaya. Firosesar nan ba ta da ma'ajiyar hoto ta kanta, daga RAM take ɗiba, saboda haka hanya biyu ta fi mata. Ga mai niyyar aiko mana da ƙari daga waje: DDR4 ce, ba DDR5 ba, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba kuma ba ta shiga ko an danna. Ma'ajiya SSD ce irin siririyar nan da ake kwantarwa a jikin uwar allo, mai gigabait 512. Tsohon faifan Yaya muka maƙala a matsayin na biyu, can za a zuba hotunan suna da na biki.

Inda muka ƙi neman arha shi ne akwatin wuta. Akwai marasa suna, in ka ɗaga kamar gwangwanin da ba komai ciki, rabin kuɗi ake sayar da su. Irin su in za su mutu ba sa tafiya su kaɗai. Mun ɗauki mai wat 450 mai tambarin 80 Plus Bronze, wato fiye da kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana isa ga kaya, ba ya tafiya a zafi. Yana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240 da kansa, babu jan maɓallin da zai sake ba mu kunya. Muka haɗa da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Wanda ya zauna Accra a 2015 ba sai an koya masa dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba, kuma ko yanzu da sauƙi ya samu, dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna. A gaya wa yara UPS ba janareta ba ce. In ta fara kuka, mintuna ne kawai ta ba ka ka adana aikinka ka kashe.

Haɗawa bayan sallar Isha'i muka yi, a kan sabon tebur, yara sun cika taga. Ƙanwarmu da ke karatun kwamfuta a Kumasi ita ta riƙe sukundireba, mu manya muna haska mata da waya. A kan kwalin uwar allo ta fara: kowa ya taɓa ƙarfe tukun don sauke wutar jiki, sannan ta daidaita ɗan kusurwar zinariya na firosesa da alamar mazauninta. Ƙafafun firosesar sirara ne kamar gashi, ba a dannawa, da kanta take zama. RAM a rami na biyu da na huɗu. Babbar waya mai baki 24, ƙarama mai baki 8 ta firosesa. Abin da ya fi ba ta ciwon kai ƙananan wayoyin maɓallin kunnawa ne, sai da ta buɗe littafin uwar allo.

Aka kunna. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin.

Mun cire RAM mun mayar, mun sauya wayar allo, shiru. Washegari ta gano matsalar. Uwar allon B450 ce, ta girmi firosesar, kuma manhajar cikinta, BIOS, ba a sabunta ta ba, don haka ba ta san baƙuwar ba. Mai shagon ya rantse mana ranar saye cewa za su yi aiki tare. Da muka koma sai ya ce mu muka ƙona ta. Rasit ya cece mu, da kuma haƙurin Ma'aji, don ni raina ya riga ya ɓaci. Daga baya ya ɗora tsohuwar firosesa ya sabunta manhajar a gabanmu, cikin ɗan lokaci aka gama. Kwana huɗu da kuɗin trotro sau biyu suka tafi a kan abin da da mun ce a kunna mana a shago da bai faru ba. Laifinmu ne mu ma. Da aka dawo gida ta shiga BIOS ta ɗaga gudun RAM zuwa 3200, ta kunna TPM, Windows 11 ta hau ba gardama.

Saura ƙura. Hunturu na tafe, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma kwamfuta iska take shaƙa ta gaba ta fitar ta baya. Kafinta ya yi mata kanta a gefen tebur, nesa da ƙasa. Akwatin yana da ragar tace ƙura da ake zarewa a wanke, an ba manyan yara biyu wannan duk ƙarshen wata. Goggo, mun ga kyakkyawan mayafin da kika ɗinka mata, mun gode, amma sai an kashe ta za a rufa.

Batun kuɗi, duk gudummawar da ta shigo ta MoMo (kuɗin waya) da ta hannu tana cikin littafin Ma'aji da rasit ɗin kowane abu, za a karanta a zama mai zuwa, wanda ke nesa kuma za a tura masa hoton shafukan. Abin da ya kamata a sani tun yanzu shi ne rufi da daɓe da wuta sun fi na'urar kanta cin kuɗi. Shi ya sa kwamfuta biyu da aka yi alkawari suka koma ɗaya. Soket na biyun yana nan yana jira, haka wurin firinta. Intanet a yanzu daga wayar duk wanda ke kusa ake jonawa.

Makulli yana hannun Hajiya Babba. Ta yanke cewa 'yan mata ne daga La'asar zuwa Magariba, maza bayan Isha'i, 'yan ajin jarrabawa kuma su ne gaba ranar Asabar. Ba a shiga da koko, ba a shiga da ruwan leda.

Magatakarda, a madadin kwamiti.