Amsa ga Malamin da ya tambaye ni: da yaro da ungulu, wa ya fi?

Malam, assalamu alaikum.

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo, kuma tun da a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a zan amsa. Cewa ka yi yara na kwana da yunwa, asibitoci babu magani, ni kuwa ina zubar da hawaye saboda giwa da ungulu. To da ɗan Adam da dabba, wa ya fi daraja a wurina? Ka kuma ƙara da cewa a tambaye ni wa ke biyana, wai ba mai ɗora wa kansa maganar sauyin yanayi sai wanda Turawa suka cika wa aljihu.

Ta biyun ba zan daɗe a kanta ba. Babu mai biyana. In kana da shaida, ka kawo ta inda ka yi maganar. In babu, ka fi ni sanin sunan abin da ka aikata da nauyinsa gobe ƙiyama. Ta farkon ce ta hana ni barci, domin ka san ni. Ka san shekarun da na kwashe ina rubutu a kan haƙƙin talaka, wasu ma a gabanka na rubuta su, amma ka zaɓi ka nuna ni ga masu sauraro a matsayin wanda kukan yaro bai dame shi ba.

Ɗan Adam ya fi, Malam. Ban taɓa shakkar haka ba, kuma saboda shi nake maganar ungulu.

Na taɓa tsayawa a kan mushen jaki a bakin wani rafi, kwanansa huɗu da mutuwa. Ciki ya kumbura ya fashe, ƙudaje sun yi baƙi ƙirin a kansa, karnuka uku na ja, ruwan da ke tsiyayowa daga jikinsa yana gangarawa zuwa inda mutane ke ɗiban ruwa, taku kaɗan a ƙasa. Na ɗaga kai na duba sama, ko ungulu ɗaya babu. Da suna nan, garkensu kan cinye mushen saniya cikin ƙasa da sa'a guda, kuma tsamin cikinsu yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Aikin tsafta ne da ba a biyansu ko sisi, shi ya sa ba mu taɓa lissafa shi ba.

Mutanen Indiya sun ɗanɗana abin da rashinsu ke jawowa. A shekarun 1990 makiyaya suka rungumi wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac suna ba shanu. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin, ƙodarta ke lalacewa ta mutu. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar suka ƙare. Mushe ya taru yana ruɓewa, karnukan da ba su da iyayen gida suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Mutane, Malam. A cikinsu akwai yaran da ka ce ban damu da su ba.

Kada ka ce wannan can ne da nisa. A 2015 aka saka nau'i huɗu na ungulayen Afirka a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. A watan Yunin 2019, a Botsuwana, ɓarayin hauren giwa suka zuba guba a gawar giwaye uku, ungulu 537 suka mutu, saboda kawai shawaginsu a sama yana tona wa ɓarayin asiri a wurin masu gadin daji.

Ka raba mini abu biyu ka ce in zaɓa, alhali masifa ɗaya ce ke cin su duka. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2022 damina biyar a jere suka gaza a Somaliya da Habasha da arewacin Kenya, inda ake damina biyu a shekara. A Kenya hukumomi sun ƙirga giwa 205 da farin ya kashe cikin wata tara na 2022. A Somaliya, a wannan shekarar dai, an ƙiyasta mutum 43,000 suka rasu sakamakon farin, kusan rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Masanan da suka bi diddigin lamarin sun ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan fari kusan sau 100. Rijiyar da ta ƙafe ba ta tambayi wanda ya zo sha ko giwa ce ko uwa mai goyo ba.

A gandun dajin Lope na ƙasar Gabon an shafe shekaru ana lura da itatuwa, aka ga 'ya'yan da suke yi sun ragu da kashi 81 cikin 100 tsakanin 1986 da 2018, giwayen dajin suka rame. Giwayen nan su ke cin 'ya'yan manyan itatuwa su kai irin nesa su shuka shi a cikin kashinsu, manyan itatuwan kuma su ke zuƙe iskar da ke ɗumama duniya. In giwa ta tafi, dajin da ke sanyaya mana duniya ya rasa mai shukarsa.

Akwai inda ka yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. An sha zaluntar mutane da sunan kare namun daji. A 2022 an tashi Masai daga filayen kiwonsu a Loliyondo ta Tanzaniya da ƙarfin bindiga. Manomin da giwaye suka tattake masa gona a dare ɗaya yana da haƙƙin diyya, kuma duk shirin da bai sa shi a gaba ba zai rushe. Da wannan ka tambaye ni, da tare muka tsaya. A Kure ta Jamhuriyar Nijar raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996, yau sun haura 600, kuma a tsakiyar gonaki da ƙauyuka suka hayayyafa, domin an tafi da mutanen wurin.

Amma ba wannan ka tambaya ba. Ka nemi kalmar da za ta sa a tafa maka, ka kuwa samu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda maganarka ke yi wa aiki, ko ka sani ko ba ka sani ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2009 a taron sauyin yanayi na Kofenhagen ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 don tunkarar matsalar. Sai a 2022 suka ce sun cika, kuma kaso mai yawa bashi ne da za mu biya da ruwa. A Paris a 2015 aka amince a yi ƙoƙarin kada ƙarin zafin duniya ya haura digiri 1.5 a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu, ga shi 2024 ta haura. Waɗanda suka ƙona gawayin ƙasa da man fetur fiye da shekara 150 suka yi arziki, ba abin da zai yi musu daɗi kamar a samu mai ilimi irinka yana gaya wa jama'arsa cewa maganar duk tatsuniya ce. Wanda ake bi bashi ya samu mai cewa babu bashin. Su kuma shugabanninmu da ke cika jirgi zuwa taro kowace shekara, su dawo su sa hannu a sare dajin da ya rage, su ma ka sauke musu nauyi.

Karkandan arewa fari saura mata biyu a duniya, suna Kenya ana gadinsu dare da rana, namijin ƙarshe ya mutu a watan Maris na 2018. A gandun Birunga na Kwango fiye da masu gadi 200 aka kashe a bakin aiki, 'ya'yan talakawa ne da suka bar marayu. Su ma Turawa ne suka saye su?

Ina jiran ɗaya cikin biyu a shirinka na gaba: ko shaidar kuɗin da ka ce ana ba ni, ko ka janye maganar da bakinka. In kuma ka yarda mu zauna a gaban makirufo ɗaya, zan zo da alƙaluman nan duka, kai ma ka zo da naka.

Wassalam,
Ɗan'uwanka.