Rahoton Ayyukan Shekara: Gayyar Toshe Sanyi da Batun Kuɗin Wata

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Greensboro ta ƙasar Amurka da kewaye.

Taron wata-wata, shan ruwan azumi da walimar Sallah duk sun gudana kamar kullum.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne gayyar da muka yi a gidan Hajiya, uwargidan marigayi tsohon shugabanmu, kafin sanyi ya kankama. Kun san ginin jihar nan: gidan katako a ɗage, ƙarƙashinsa kogo wanda sai da rarrafe ake shiga. Ɗumin hita yana tashi sama ya fice ta rufi, sai gidan ya zuƙo iska mai sanyi daga kogon nan ta tsagar katako da bakin bututu. Shi ya sa daɓen Hajiya ke ƙandarar da ƙafa ko da safa, kuɗin wuta kuma sai hawa yake.

Matasanmu suka shiga da tocila da takunkumi, suka fito kamar an tono su. Sai da suka toshe kowace kafa, sannan suka cusa gashin tumaki mai kaurin inci 6 tsakanin katakan da ke ɗauke da daɓe, suka tare shi da raga. Wanda aka wanke aka sa wa sinadarin boraks muka saya, saboda asu. Wasu dattawa sun so a zuba busasshiyar ciyawa, wai ta fi arha. Ciyawa kuwa in ta sha laima ruɓewa take, ta zama gidan ɓera. Leda guda muka yarda da ita, ta shimfiɗawa a ƙasa, don laimar garin nan ba ta jin wani magani. Iyayenmu mata sun kawo dambu da kunun gyaɗa har da ragi. Hajiya ta ce yanzu jikokinta a ƙasa suke wasa. Allah ya saka wa kowa.

Sauran gidajen da muka yi wa alkawari ba a yi ba, kuma na ji ƙorafin da ake yi a WhatsApp. Gida ɗaya ruwa muka tarar kwance a kogonsa. A rufe shi haka, katako ne zai ruɓe, dole a fara gyara magudana. Masu haya sai da izinin mai gida. Gashin tumaki kuma ya fi audugar gilashi, wadda aka saba tare sanyi da ita, tsada, ga asusu a bushe. Da me za mu saya?

Akwai shirin gwamnatin tarayyar Amurka tun 1976 da ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi wannan aiki kyauta. Mun nemi masu taya mutane cike fom, shiru kake ji.

Ni ma'aji ne na sa-kai, ina da aikina da iyalina. Wanda ba ya ɗaga wayata amma ranar walima shi ne a sahun gaba, ya san kansa. Kwamiti ya amince a karanta sunayen waɗanda ake bi bashin kuɗin wata a taro mai zuwa, sai a biya kafin ranar.

Wassalam,
Ma'aji