Ɓoye madanni ba ya hana a goge TPM

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu kula da kwamfutocin ma'aikatu da masu gyara kan wani abu da ake wa riƙon sakainar kashi, wato sanin wanda ke da ikon goge guntun tsaron nan da ake kira TPM. Tun da Microsoft ta fito da Windows 11 a 2021 ta kuma shardanta TPM 2.0, da wuya ka ga sabuwar kwamfuta babu shi. Wani ɗan guntu ne manne a jikin babban allo, wani kuma an gina shi cikin kayan kamfanin furosesa, wanda Intel ke kira PTT, AMD kuma ke kira fTPM. An damƙa masa mabuɗan faifai da shaidar na'ura, amma a wurare da yawa kowane mai ikon admin zai iya share shi cikin minti guda, babu wanda ya tsara hakan, babu kuma wanda ya hana.

Ya kamata a san me gogewar ke yi. A cikin TPM 2.0 akwai wasu lambobin sirri da ba sa fita waje ko kaɗan, ana kiransu iri, domin daga gare su ake samar da sauran mabuɗai. Umarnin TPM2_Clear yana jefar da irin ɓangaren ajiya ya ƙirƙiri sabo. Daga nan duk mabuɗin da aka kulle a ƙarƙashin tsohon iri ya mutu, ko da fayil ɗinsa yana nan a faifai lafiya lau. Umarnin yana kuma share wuraren ajiyar da mai na'ura ya buɗe a cikin guntun, ya mayar da kalmomin sirri uku wayam: ta mai na'ura, ta shaidar asali, da ta kulle. Abin da ba ya taɓawa shi ne irin shaidar asali, saboda haka na'urar za ta iya sake fitar da mabuɗin shaidarta, kuma takardar shaidar da masana'anta ta rubuta a ciki tana nan. Amma tsohon irin ajiya ya tafi ke nan. Kamfanin da ya ƙera guntun ma ba shi da kwafinsa.

Sakamakon ya kan bayyana ne a kunnawa ta gaba. BitLocker, manhajar Windows da ke kulle faifai, zai tsaya ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Lambar PIN ta Windows Hello, wadda ake shiga Windows da ita, ta daina aiki. Takardun shaidar shiga VPN ko Wi-Fi na ofis waɗanda mabuɗinsu ke cikin TPM sun zama banza, sai an sake bayar da su, don tun farko an yi su ne yadda ba za a iya kwafe su ba. A Linux, faifan da aka kulle da LUKS, takwaran BitLocker, aka kuma ɗaure wa TPM ta hanyar systemd-cryptenroll ko Clevis zai ƙi buɗewa da kansa. Idan saba ce, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, a ɗakin da babu kowa, tana nan tsaye har sai wani ya je. Gogewa ba ta fallasa sirri, asara take jawowa. Sai dai tana tilasta wa ma'aikaci ya fito da mabuɗin ceto ya buga shi a na'urar da ba a san wa ya taɓa ta ba, kuma mai mugun nufi yana iya jiran wannan lokacin. Abin ya ƙara nauyi tun fitowar Windows 11 24H2 a 2024, inda kulle faifai ke kunna kansa a na'urori da yawa idan an shiga da asusun Microsoft. Mutane da dama faifansu a kulle yake ba su sani ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne yadda wasu ke kwantar da hankali da zarar sun ɓoye madannin gogewa a Windows. Akwai doka a Group Policy, inda masu kula ke kafa wa Windows dokoki, mai suna Disable the Clear TPM button, a ƙarƙashin Windows Components, Windows Security, Device security. Tana da amfani, domin tana hana ma'aikaci mai karambani dannawa. Iyakarta ke nan. Madannin manhajar Windows Security kaɗai take kashewa. Mai ikon admin zai buɗe tpm.msc ko ya rubuta Clear-Tpm a PowerShell ya kai ga abin da yake so. Don haka matakin farko a Windows shi ne cire ma'aikata daga rukunin admin, ya zama asusun aikin yau da kullum daban, asusun kula daban. A kuma duba wata dokar a ƙarƙashin System, Trusted Platform Module Services, mai suna Configure the system to clear the TPM if it is not in a ready state. Wannan umartar na'ura take ta nemi a goge guntun da kanta idan ta ga bai shirya ba. Kada a bar ta a kunne sai ana tsakiyar wani aiki da aka tsara.

Shi guntun ba ruwansa da madanni. Izini biyu kaɗai yake karɓa kafin ya goge kansa: izinin kulle, wato kalmar sirrin kulle da na ambata, ko izinin BIOS, manhajar babban allo da ke tayar da na'ura, wanda ƙa'idar TPM 2.0 ke kira platform. Duk wanda ke son sanin halin da na'urarsa ke ciki, ya tambayi wa ke riƙe da waɗannan biyun.

Izinin kulle shi ne wanda ake amfani da shi wajen sake buɗe guntun idan ya rufe kansa saboda yawan kuskuren PIN. Windows takan saita shi ya rufe bayan kuskure 32, ya riƙa manta ɗaya duk minti 10. Tun daga Windows 10 1703, tsarin da aka saba shi ne Windows ta ƙirƙiri wannan izini ta riƙe shi da kanta a TPM 2.0, kuma ƙimar OSManagedAuthLevel ce ke iko da hakan, inda 5 ce ta asali. Ma'ana, a Windows wanda ya mallaki tsarin aiki, wato Windows ɗin kanta, ya yi kusa da wannan izinin.

A Linux lamarin ya fi muni, kuma nan ne aka fi sakaci. Yawancin nau'o'in Linux ba sa sa wa izinin kulle kalmar sirri, a wayam suke barinsa. Sannan ƙa'idojin da ke zuwa da manhajar tpm2-tss suna ba wani rukunin asusu mai suna tss damar rubutu a /dev/tpmrm0, ƙofar da ake magana da guntun ta cikinta. Haɗa waɗannan biyun ka ga abin da ya fito: duk asusun da aka jefa cikin rukunin tss, ko da na wata ƙaramar manhaja ce da ke buƙatar sa hannu da mabuɗi ɗaya, zai iya rubuta tpm2_clear ya share komai ba tare da ya zama root, wato admin na Linux, ba, ba tare da an sake kunna na'ura ba. Dubawar ba ta da wuya. A rubuta tpm2_getcap properties-variable a kalli layuka biyu, lockoutAuthSet da disableClear. Idan duka sifili ne, ƙofa a buɗe take.

Gyaran mataki biyu ne. Da farko a sa kalmar sirri da tpm2_changeauth -c l. Kada a rubuta ta tsirara a layin umarni, domin za ta zauna a tarihin umarnai. Kayan tpm2-tools suna karɓar ta daga fayil idan aka fara da file:. A ba kowace na'ura tata, mai tsawo, wadda kwamfuta ta ƙirƙira, a ajiye ta a ma'ajin kalmomin sirri da ba ya kan na'urar. A yi hattara wajen gwada ta, domin izinin kulle ba ya yafe kuskure ko ɗaya: ka kuskure sau ɗaya, sai ya ƙi sauraronka har lokacin da aka ƙayyade ya cika, wanda a saitin Windows awa 24 ne. Mataki na biyu shi ne tpm2_clearcontrol -C l s, wanda ke ɗaga tutar disableClear, mai hana gogewa. Masu tsara ƙa'idar sun yi hikima a nan. Izinin kulle yana iya ɗaga tutar amma ba zai iya sauke ta ba, izinin BIOS kaɗai ke saukewa. Ke nan ko an sace kalmar sirrin kulle daga baya, ɓarawon ba zai goge guntun daga cikin tsarin aiki ba. Idan na'urar tana da Windows da Linux tare, a bar izinin kulle a hannun Windows, don canza shi daga Linux zai hana ta buɗe guntun idan ya rufe.

Saura BIOS, kuma a ganina nan ne ainihin iko yake. Tsarin aiki yana iya barin wa BIOS saƙo cewa a goge TPM a kunnawa ta gaba, ta hanyar da ake kira PPI. A Linux root ne ke rubuta lamba 5 a /sys/class/tpm/tpm0/ppi/request. Da na'ura ta tashi, BIOS zai yi amfani da nasa izinin ya sauke tutar disableClear ya goge. Duk wahalar da aka sha a sama ba ta tare wannan hanya. Abin da ke tare ta shi ne BIOS ya tsaya ya nuna gargaɗi, ya jira mutum ya danna madanni da hannunsa. Wannan tsayawar kuwa ana iya kashe ta. A kwamfutocin Dell sunan saitin PPI Bypass for Clear Commands, kuma a kashe ya kamata ya kasance. A ThinkPad na Lenovo sunansa Physical Presence for Clear, shi kuma a kunne. Masu girka Windows a kwamfutoci da yawa lokaci guda sukan sassauta shi don kada su bi ɗaya bayan ɗaya suna dannawa, sai a gama aiki a manta a mayar. Na'urar da aka bari haka, admin da ke nesa ko manhajar ɓarna da ta sami iko za ta goge ta ba tare da kowa ya taɓa madanni ba.

Saitin kansa yana buƙatar mai gadi, wato kalmar sirrin admin ta BIOS. In babu ita, duk wanda ya zauna gaban na'ura zai shiga ya goge guntun kai tsaye, kuma manhajojin da kamfanoni ke bayarwa don canza saitin BIOS daga cikin Windows za su yi aiki ba tambaya. A kwamfutocin tebur da yawa cire batir ɗin CR2032 ko haɗa fil biyu na share CMOS yana zubar da kalmar sirrin, saboda haka a sa kwaɗo a akwatin, a kunna gargaɗin buɗe murfi idan allon yana da shi. A saba kuma, wanda ke riƙe da asusun iDRAC ko iLO, hanyoyin kula da saba ta hanyar sadarwa, yana ganin allon BIOS daga nesa, yana kuma iya danna madannin amincewa kamar yana ɗakin. Asusun nan ya cancanci tsaro irin na mabuɗin ɗakin saba. Haka TPM na kwamfutar da ke gudana cikin wata kwamfuta: bayanansa suna hannun mai kula da uwar na'urar.

Akwai wani aibi da ba laifin mai na'ura ba ne. Izinin BIOS yana komawa wayam duk lokacin da aka kunna na'ura daga farko, kuma aikin BIOS ne ya sa masa lambar da ba wanda ya sani, ko ya rufe ɓangaren platform gaba ɗaya, kafin ya miƙa wa tsarin aiki. BIOS da ya yi sakaci da wannan ya bar wa root ikon sauke tuta da gogewa. Bayan an ɗaga tutar, a gwada tpm2_clearcontrol -C p c. Idan guntun ya ƙi, lafiya. Idan ya karɓa, a sake ɗaga tutar, a nemi sabon BIOS daga kamfanin, kuma kada a dogara da wannan na'ura wajen ajiye abin da ba shi da madadi.

Masu gyara kuma, ina roƙonku da ku karanta abin da allo ya rubuta kafin ku danna. A allunan AMD, idan aka canza furosesa, wani lokaci ma bayan sabunta BIOS, saƙo yakan fito yana cewa a danna Y don a sake fTPM ko N don a bar shi yadda yake. Y gogewa ce. Kafin a taɓa furosesa ko BIOS, a tambayi mai kaya ko yana da mabuɗin cetonsa, a kuma gan shi da ido.

Ba cewa nake kada a taɓa gogewa ba. Kwamfutar da za a sayar ko a ba wani ma'aikaci ya kamata a goge ta. A 2017, da aka gano raunin ROCA a yadda guntayen Infineon ke ƙirƙirar mabuɗan RSA, sabunta manhajar guntun bai wadatar ba, sai da aka goge aka sake mabuɗai. Abin nema shi ne a yi ta da tsari. A fitar da mabuɗin ceto da manage-bde -protectors -get C: a tabbatar ya yi daidai da kwafin da aka ajiye a Active Directory, Entra ID ko asusun Microsoft, ta hanyar gwada lambar shaidarsa, domin tsohon mabuɗi na wani girkin baya ba zai buɗe komai ba. A dakatar da BitLocker da Suspend-BitLocker, a tuna cewa a wannan tsakanin faifan a buɗe yake ga duk wanda ya ɗauke shi. A tabbatar mai na'ura ya san kalmar sirrin asusunsa, tun da PIN zai tafi. A LUKS a gwada kalmar sirrin hannu kafin a fara. Bayan gogewa a mayar da BitLocker bakin aiki, a sake ɗaure LUKS, a sake sa kalmar sirrin kulle da tutar disableClear, domin kalmar ta koma wayam, tutar kuma an sauke ta kafin a goge. Daga ƙarshe a shiga BIOS a duba saitin neman amincewar mutum, a kuma maimaita wannan dubawa bayan kowane sabunta BIOS ko canjin babban allo, saboda dukansu suna iya mayar da saiti yadda ya fito daga masana'anta.

Na gode da ba ni wannan fili.

Wassalam,
Wani mai aikin tsaron kwamfutoci