Sudusin da Ya Ƙi Ƙarewa

Mutumina Sarkin Barci,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Fatakwal da ruwanta? Ka gaishe da mai ɗaki da yara. Wata biyar ba ka ji ni ba, na sani, kada ma ka fara. Kai ma ai ba ciwon hannu ka yi ba.

Ka tambaye ni kuɗin riɗi a Maigatari, zan zo kai. Bari dai in fara fitar da abin da ke cina.

Ka ji rasuwar maƙwabcinmu na bayan masallaci, Allah ya jiƙansa. Ran rabon gado aka kira ni, wai ni ne malamin lissafi, ni da aka ɗora wa darasin nan don babu wani. An sayar da bijimin da ya bari a kan ₦400,000. Matarsa tana da sumuni tunda akwai 'ya'ya, na danna waya ta ba ni 50,000 cif. Mahaifiyarsa tana da sudusi. Na danna, sai ga 66,666.6666 shida na bin shida, can ƙarshe bakwai ta leƙo. Baffansu ya karɓi wayar ya juya ta ya ce, "Malam, wannan abin naka ya ci haram ne?" Liman ko kallon wayar bai yi ba. Ya kasa dukiyar kashi 24, mata 3, uwa 4, sauran 17 na 'ya'ya, aka shafa fatiha.

Daren nan ban runtsa ba. Me ya sa ɗaya bisa takwas take tsayawa a 0.125, ɗaya bisa shida kuwa ta yi ta gudu kamar jakin da ya tsinke? Na fito da tsohon littafinmu, wanda ka zuba wa man ja, na zauna da tocila. Ashe sirrin duk yana cikin goma. Goma 2 sau 5 ce. Ɗari kuwa biyu guda biyu ce da biyar guda biyu. Duk lambar da ta tsaya bayan ɗigo, wani abu ce bisa 10 ko 100 ko 1000, don haka dole lambar ƙasa ta iya shiga ɗaya daga cikinsu ba saura. Sai ka farfasa lambar ƙasan har ka kai ga ƙwayoyinta, waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. In ba ka ga kowa ba sai 2 da 5, za ta tsaya. Takwas 2 sau 2 sau 2 ce, ka ba kowace biyu abokiyarta biyar ka samu 1000, shi ya sa lambobi uku ne bayan ɗigo. Shida kuwa 2 sau 3 ce, kuma ukun nan ko ka raba miliyan da ita sai ɗaya ta yi saura. Abin da ya fi burge ni: cikin kason gado shida na Alƙur'ani, rabi da rubu'i da sumuni suna tsayawa, sulusi da sulusi biyu da sudusi ba sa tsayawa.

Kada ka yi barci, saura kaɗan.

Washegari na shiga aji ina taƙama. Na rubuta 21 bisa 60 a allo, na ce kowa ya gani, sittin tana da uku a ciki, wannan ba za ta ƙare ba. Sai 'yar mai shayin bakin tasha, yarinyar da ba a jin muryarta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni na raba, 0.35 na samu." Na duba, wallahi gaskiyarta. Ukun sama ta cinye ukun ƙasa, abin ya koma 7 bisa 20. Na manta sai an rage tukuna kafin a duba ƙasa. Aji ya yi tsit, ni kuma na tsaya ina kaɗe alli a hannu kamar mai neman abin yi. Na ba ta biro na. Ubanta yana maganar cire ta bayan wannan zangon, kuma abin yana damuna ƙwarai. Gobe zan je shan shayi in gwada sa'ata.

Da na ba Kaka labari, dariya ya yi. Ya ce kafin naira ta zo a 1973, sule kobo 12 ce, mutum uku su raba kowa ya ɗauki huɗu ba rigima, mu muka jawo wa kanmu goma.

Af, angon naka na bara ya sayi babur, kwana uku ya shiga da shi cikin garken awaki. Lafiyarsa lau, akuya ɗaya ce ke ɗingishi. Inna tana tambaya ko za ka zo Sallah, kuma ta ce kada ka sake turo mata atamfa mai ruwan toka.

Direba yana ta danna oda, bari in miƙa masa.

Naka har kullum,
Abokin zamanka na bencin baya